Hannun Hagun Nasiha

Da dama Nasiha take cin tuwo. Da dama take karɓar abu, da dama take miƙa wa babba, duk uwarta Sabuwa ta koya mata wannan tun bakinta bai gama buɗewa ba. Fensir ne kawai, in aka ajiye shi a gabanta, sai hannun hagu ya riga na dama isa. Laifinta ke nan kaf, yarinyar da ba ta cika shekara huɗu ba.

Makarantu biyu ne kusa da gidan da suke haya a Azuba. Akwai firamaren gwamnati, inda aka ware aji guda na ƙananan yara. Malamar ajin, Malama Daso, Bafillatana ce mai sanyin murya. Yaranta waƙa suke yi, su yi zane a yashi a gindin mangwaro, su koma gida da ƙasa a gwiwa. Sabuwa tana wucewa ta wurin in za ta bohol ɗebo ruwa, kuma nan ranta ya kwanta. Sai kuma makarantar nazare ta kuɗi da ke bakin titi, mai shuɗiyar katanga, inda ake ɗaura wa 'yan shekara uku nektai a wuya, a sallame su da littafin aikin gida kamar 'yan sakandare.

Mijinta Abdulbaƙi dakon kaya yake yi da mashin, doya da agushi da buhunan shinkafa, ya ɗaure su da roba ya shiga gari. Ranar da Sabuwa ta kawo maganar ajin Malama Daso, dariya ya yi har da buga cinya. Ya ce shi bai haifi 'ya don ta je wasan ƙasa ba, ƙasa ga ta nan a ƙofar gida kyauta. Ya ce 'yarsa Turanci za ta yi, ta rubuta ɗaya zuwa ɗari tun ba ta san hanyar kasuwa ba, ta kira shi Dadi a gaban mutane. Sabuwa ta ce yarinyar fa ko takalminta ba ta iya sakawa daidai ba tukuna. Ya ce magana ta ƙare. Aka ɗinka yunifom, aka ɗauki hoto, ya ɗora a waya, abokansa na tasha suka yi ta sa albarka.

Ba a je ko'ina ba Anti, malamar ajin Nasiha, ta tare shi a bakin get. Ta buɗe masa littafin yarinyar. Shafin duk ya yi baƙi, saboda gefen hannunta yana goge abin da ta rubuta, wasu haruffan kuma sun juya baya. Anti ta ce ƙarshen zango mai makaranta yakan baje littattafan yara a kan tebur iyaye su gani, irin wannan littafin kuwa zubar musu da suna zai yi. Ta ce ita tana iya ƙoƙarinta, tana sa wa hannun safa, tana ɗan taɓa shi da rula, amma yara sun yi mata yawa.

"Dadi, sai kun taimaka mana a gida," in ji ta.

Sunan ya faranta masa rai, maganar kuma ta ƙona shi, don a gaban wasu iyaye aka yi ta. Ranar ko gaisuwar Sabuwa bai amsa ba.

Tun daga nan bayan la'asar ta zama lokacin azaba a gidan. Abdulbaƙi zai jingine mashin, ya shimfiɗa tabarma a baranda, ya kira Nasiha da littafinta. Zai danƙa mata fensir a dama. Yarinyar ta damƙe shi kamar muciya, ta ja layi ɗaya a karkace, hankalinta ya ɗan tafi, sai ka ga fensirin ya koma hagu ita kanta ba ta sani ba. Tas! Rula a bayan hannu. Da rular ta karye ya koma wayar caja. Sabuwa tana gefe da farantin agushi a cinya tana ɓarewa, sana'arta ke nan, kowane bugu ya sauka sai ƙwayar ta kufce mata. Takan ce a ranta yau ne na ƙarshe, gobe yarinyar za ta gane. Gobe ta zo, wayar caja ta sake fitowa.

Nasiha da a da take zama kusa da uwar tana taya ta ɓare agushi da yatsun hagun nan masu sauri, tana zuba surutu har sai an ce ta rufa wa mutane baki, ta fara sauyawa. Ta koma fitsarin kwance. Ta riƙa cusa hannun hagu a hammata ko ba wanda ya kalle ta. In ta ji ƙarar mashin a lungu, ko ba na ubanta ba ne, sai ta shige bayan durom. Da safe in an ɗauko yunifom sai an kai ta masai sau biyu kafin a fita. Sai kuma magana ta fara sarƙe mata, ta yi ta "Ma-ma-mama" kafin ta kai ga ruwan da take so. Wannan in'inar ita ta fi tsaya wa Sabuwa a rai.

Ranar da ta ga jini a tsakanin yatsun yarinyar, ta kasa daurewa. Ta ce, Baban Nasiha, ai yarinyar da dama take ci, shi rubutu me ya yi? Bai bari ta rufe baki ba. Marin ya sauka a kuncinta na dama har farantin ya kife, agushi ya watse a tsakar gida. Ya tsaya a kanta yana huci, shi ma maganar tana sarƙe masa, yana cewa ita ce take ɓa-ɓa-ɓata yarinyar. Ta durƙusa ta tsince agushinta. Ba yau ya fara marinta ba, kuma kullum kuncin dama ne yake kumbura, amma ba ta taɓa tsayawa ta tambayi kanta dalili ba.

Dalilin, uwarsa ce ta zo da shi daga Adogi, tare da ƙullin daddawa. Iya ta zo kwana biyu, ta ga abin da ake yi a baranda, ta ce madalla da uba. Ta ce ai gado ne, shi ma bahago aka haife shi, kuma a gidansu ba a barin yaro yana aiki da hannun tsarki. Ta ba da labarin tana dariya, yadda ta gaji da dukansa, wata safiya ta kama hannun ta tsoma a kunu da aka sauke yanzu daga wuta. Ta jawo hannun Abdulbaƙi ta nuna wa Sabuwa tabon, tabon da shi ya ce mata salansar mashin ce ta ƙona shi.

"Ga shi nan ya zama mutum," in ji Iya. "Tun ranar bai sake ba."

Sabuwa ta dubi tabon, ta taɓa kuncinta. Bai sake ba? Da dama yake cin abinci, da dama yake gaisawa, amma in ransa ya ɓaci hannun da aka dafa ne yake tashi. Ta so ta faɗa, sai dai ba a musu da suruka a gaban ɗanta. Abdulbaƙi ya janye hannunsa ya sa a aljihu, ya fita.

Washegari a hanyar bohol ta ajiye jarkokinta ta shiga firamaren. Malama Daso ta saurare ta har ta gama, ta ce ta kawo yarinyar ko gobe, akwai wuri a tabarma. Ta ce su a ajin nan ba a fara da littafi, kuma wanda ya ɗauki tsinke da hagu, da hagu yake zanensa. Sabuwa ta dawo da ƙwarin gwiwa. Ta jira ya ci ya ƙoshi, ta lallaɓa ta faɗa masa. Wayyo, da ta sani! Ya ce wato so take a ce ya gaza, ya cire 'yarsa daga makarantar kuɗi ya mai da ta ta gwamnati, bayan duk tasha an ga hoton? Ya ce kuma har ta je ta tona masa asiri a waje. Ya tura ƙofa ya rufe. Da robar ɗaure kaya ya yi mata wannan dukan, a baya da cinya da duk inda ya samu, Nasiha tana tsugune a lungun gado tana kallo. Da Sabuwa ta nuna wa Iya bayanta, Iya ta ce ta shafa man kaɗanya, mace mai kai maganar gidanta waje ita ta jawo wa kanta. Ta ɗaure kayanta ta koma Adogi.

Robar nan kowa ya san ta. Tsohon tib na taya ake yankawa dogo-dogo, in aka ja aka ɗaure buhu da ita, ko ramukan hanyar ƙauye ba sa motsa shi. Da ya gama da bayan Sabuwa, sai dabara ta faɗo masa, dabarar banza. Ya fara ɗaure hannun hagun Nasiha a ƙugunta lokacin aikin gida, wai in hannun ba ya nan dole dama ta koya. Maƙwabciyarsu Maman Terseer, 'yar ƙabilar Tibi da ke ɗakin gaba, ta fito shanya wata rana ta gani. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta sunkuya ta kwance.

"Oga, wannan yarinya ba doya ba ne," ta ce masa. "Ka ɗaure hannun haka, jini zai tsaya."

Ya ce ta je ta ji da nata 'ya'yan. Daga ranar ya mai da karatun cikin ɗaki.

Sai jarrabawa ta ƙarato. I, jarrabawa, ga yaran da har yanzu ake goge wa majina. Ranar Asabar da hantsi Sabuwa ta ɗauki agushin da ta ɓare za ta kai kasuwar Lafiya. Ta so ta tafi da yarinyar, ya ce a bar masa ita, yau sai ta cika shafi. Nasiha ta riƙe gefen zanen uwar da hannu biyu, sai da aka ɓamɓare ta. Sabuwa ta ce mata yanzun nan za ta dawo, za ta sayo mata lemo.

Abin da ya faru bayan tafiyarta, daga baya ta ji shi. Yarinyar ta yi ta zame hannun daga ƙugu, haushi ya kama shi, ya naɗa robar a wuyan hannun, ya ja, ya ƙulle a ƙarfen gado. Ana cikin haka aka kira shi a waya, akwai lodin doya a Adogi. Ya ce mata kafin ya dawo ta cika shafin. Ya rufe taga, ya sa kwaɗo a ƙofa don kada Maman Terseer ta shiga, ya jefa makullin a aljihu. Daga lodin doya aka samu na shinkafa, daga nan taya ta yi faci. Ya manta. Wallahi haka ya faɗa da bakinsa, ya manta.

Sabuwa ta dawo bayan azahar da lemon a leda, ta tarar da Maman Terseer a ƙofar ɗakin tana kai da kawowa. Matar ta ce yarinyar tun hantsi take ihu, ta kira lambar Oga ba ta shiga, nata mijin ba ya nan, ita kuma tana tsoron fasa ƙofar wani a ce ta yi sata. Ta ce ihun ya jima da tsayawa.

Sabuwa ta manna kunne a ƙofar. Ta kira sunan, ta ji wani ɗan nishi can ƙasa. Ta kira wayar Abdulbaƙi, ba ta shiga. Ta tsaya tana kallon kwaɗon, bayanta da bai gama warkewa ba yana tuna mata abin da zai biyo baya in ta taɓa ƙofar nan. Ba ƙarya, tsoro ya riƙe ta. Sai ta sake kiran sunan, wannan karon ko nishin babu. Ta yar da lemon ta ɗauko taɓarya.

Kwaɗon bai karye ba, katakon ne ya tsage. Nasiha tana kwance a ƙasa cikin fitsarinta, hannun yana rataye sama da ita a jikin gado, fensir har yanzu yana damƙe a damanta. Fizgar da ta yi ta yi don ta kuɓuta ita ta ƙara shaƙe robar, har ta nutse cikin nama. Hannun ya kumbura ya yi baƙi, yatsun sun sandare, sanyi ƙalau. Ƙullin ya ƙi kwantuwa, Sabuwa ta sa haƙori ya ƙi, sai da Maman Terseer ta kawo wuƙar yankan kuɓewa aka yanke. Da jini ya fara komawa, yarinyar ta farfaɗo da wata irin ƙara da Sabuwa ba ta taɓa ji daga bakin mutum ba. Littafin yana buɗe a gefe, ta cika rabin shafin da harafi ɗaya, a karkace, da dama.

Suka tare keke napep suka yi asibiti. Ana cikin duba yarinyar Abdulbaƙi ya iso, ya biya ta gida ya ga ƙofa. Ka san abin da ya fara fita daga bakinsa a barandar asibitin? Wa ya ba ta izinin fasa masa ƙofa. Ya ɗaga hannu. Sabuwa, da ba ta taɓa tare duka ba tun da aka kawo ta gidansa, ta cafke wuyan hannun da hannu biyu, ta juya tabon saitin idonsa.

"Dubi hannun da ka ɗaga," ta ce. "Kunun Iya bai hana ka komai ba. Da shi kake marina, da shi ka ƙulla robar. To shiga ka ga nata."

Ya buɗe baki, maganar ta sarƙe. Ya shiga ya gani. Ya fito ya zauna a ƙasa ya dafe kai, ya yi kuka kamar yaro. Sabuwa ba ta ji tausayinsa ba ko kaɗan, kuma ba ta ɓoye ba.

Likita ya ce Allah ya taimaka ba za a yanke hannun ba, amma jijiyoyin sun lalace, yatsun da wuya su sake riƙe abu. Ya tambayi yadda aka yi. Abdulbaƙi, da hawayensa ba su gama bushewa ba, ya ce yarinya ce take wasa da roba ta naɗa wa kanta. Sabuwa ta ce ƙarya ne, ubanta ne ya ɗaure ta a gado ya kulle ɗaki.

Wannan gaskiyar da ta faɗa ita ta zama babban laifi a wurin dangi, ba robar ba. Kafin magariba yayyensa sun cika asibitin. Suka ce so take a kama uban 'yarta? In an rufe shi wa zai ciyar da su? Suka ce ƙaddara ce, tsautsayi ne, ai ba da gangan ya yi ba, mutumin da yake shan rana a kan mashin don 'yarsa ta yi boko. Shi kuma ya ce don gobenta ya yi, Shaiɗan ne ya mantar da shi. Anti ta aiko da gaisuwa, ta ce ita safa kawai ta ce, ba ta taɓa cewa a ɗaure ba, kuma in yarinyar ta warke za a yi mata jarrabawarta ita kaɗai. Iya ta iso washegari, ta ɗaga hannun da aka naɗe ta duba, ta yi salati. Sai ta ce to, Allah ya so ta koma dama ne.

Haka maganar ta mutu. Ba a kama kowa ba, ba a kira kowa ba. Aka kira kafinta ya gyara ƙofa, Abdulbaƙi ya yanko sabuwar roba ya ci gaba da dakonsa. Makarantar bakin titi ta baje littattafanta a kan tebur, iyaye suka zo suka yaba da kyan rubutu, ba wanda ya tambayi yadda aka samo shi. Nasiha ta dawo gida da yatsu a lanƙwashe, sun dunƙule cikin tafin hannu sun ƙi miƙewa. In uwar tana ɓare agushi sai ta zauna nesa tana kallo.

Da sabon zango ya kama, Sabuwa ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta yi wa yarinyar wanka, ta sa mata rigar gida, ta bar yunifom da nektai a rataye a ƙusa. Abdulbaƙi yana ƙofar gida yana goge mashin. Ya ga sun juya wa titi baya sun bi hanyar bohol. Sabuwa ta tsaya ta dube shi ido cikin ido, ta shirya wa duk abin da zai zo. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da goge abin da ya riga ya goge.

Yara suna zaune a yashi a gindin mangwaro, kowa da tsinkensa. Malama Daso ta dubi hannun sau ɗaya, ta kau da kai, idonta ya kawo ruwa. Ta ajiye wa Nasiha tsinke a gabanta, ba ta sa mata a hannu ba, ta wuce wurin sauran. Yarinyar ta daɗe tana kallon tsinken, hannayenta biyu a bayanta. Sabuwa tana jingine da bishiyar, zuciyarta tana ƙuna, tana cewa a ranta shi ke nan, sun samu abin da suke so, dama ce kaɗai ta rage mata.

Sai ta ga yarinyar ta waiwaya ta dubi hanya. Ta ɗauki tsinken da dama, ta ɓamɓare lanƙwasassun yatsun hagun, ta cusa shi a tsakaninsu. Ya faɗi. Ta ɗauka ta sake cusawa, ta tallafo hannun da ɗayan, ta ja shi a hankali a kan yashi, harshenta a waje. Da'ira ce ta fito. Ba ta haɗe ba, amma duk zamanta a makarantar kuɗi ba ta taɓa yin abin da ya kai ta kyau ba.

Wani mashin ya wuce ta bayan katanga. Nasiha ta yi maza ta shafe zanen da ƙafa, ta ɓoye hannun a hammata, ta ɗago ta dubi uwarta.

"Ma-mama," ta ce, "kar ki gaya wa Dadi."